Labarin Ƙasa a Firamare: Tambayoyin da Iyaye da Malaman Gombe Ke Yi

Wai akwai darasin labarin ƙasa a firamare kuwa?

Da sunansa dai babu, sai a babbar sakandare yake cin gashin kansa. A firamare yana cikin darasin zamantakewa da yara ke kira soshiyal, batun yanayi da ruwa da ƙasar noma kuma yana cikin kimiyya. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ce ke tsara manhajar. Abin da aka fi yi a aji shi ne hadda: jihohi 36 da manyan biranensu, a rera da safe, shi ke nan.

To haddar laifi ce?

A'a, amma ba ta isa ba. Ɗan aji biyar zai zubo maka jihohin nan ba gargada, ka ce ya nuna da hannu ta ina Yola take daga nan, ya yi zuru. Alhali motocin Yola kullum suna wuce shi, su nufi Billiri da Kaltungo.

Daga ina ya kamata malami ya fara?

Daga filin makaranta. A kafa sanda da safe, yara su ja layi a kan inuwarta, a dawo bayan azahar a ga inda ta koma. Gabas da yamma sun samu ke nan. Yaron da ya miƙa hannun dama gabas, na hagu yamma, arewa yake kallo, kudu na bayansa. Sai dai a kula, yara kan ɗauka alƙibla ita ce gabas sak, alhali daga Gombe ta ɗan karkata wajen arewa.

Makarantarmu ba ta da taswira, yaya za mu yi?

Ƙasa da tsinke sun wadatar. A fara da zanen ajin, ga ƙofa, ga allo. Sannan makarantar, sannan unguwar, ko Pantami ce ko Bolari ko Jekadafari. Sai manyan aji su kai ga jihar: ƙananan hukumomi 11, an cire ta daga Bauchi a 1996, tana iyaka da Bauchi, Yobe, Borno, Adamawa da Taraba. Kowace maƙwabciya a haɗa ta da hanyar da yaran suka sani: ta Biu zuwa Borno, ta Bajoga zuwa Yobe.

Wane abu na jihar ya fi daɗin koyarwa?

A ganina Kogin Gongola. A zuba igiya a ƙasa a matsayinsa: ya taso daga tuddan Jos, ya ratsa Bauchi ya nufi arewa maso gabas, ya yi kwana wajen Nafada ya yi kudu, ya bi ta madatsar Dadin Kowa kusa da Dutsen Bima, ya faɗa Binuwai a Numan. Daga nan tambayoyi za su ɓalle. Me ya sa ake noman rani da kamun kifi a Dadin Kowa? Me ya sa kamfanin siminti yake Ashaka ba cikin garin Gombe ba? Saboda can dutsen da ake sarrafawa yake. Har tarihi ya shigo, domin Gombe Abba, tsohon mazaunin gidan Buba Yero wanda ya kafa masarautar Gombe, a bakin kogin take, sai a 1919 aka dawo Gombe Doma, wato garin Gombe na yanzu.

Zaizayar ƙasa ma darasi ce da ke ƙofar gida. Garin Gombe a kwari yake, ƙasarsa rairayi, ruwan damina na gangarowa daga tudun yamma da ƙarfi. A tara tulin yashi biyu, ɗaya tsirara, ɗaya an lulluɓe shi da ciyawa, a tsiyaya musu ruwa da buta. Na farkon zai tsage ya yi ƙaramin kwazazzabo nan take. Bayan haka maganar dasa itace ba ta buƙatar dogon bayani.

Mu iyaye fa?

In za ku ƙauye, a ba yaro gefen taga, a riƙa tambayarsa sunan garin da aka wuce da ɓangaren da rana take. In an dawo ya zana hanyar a bayan littafinsa, ya sa gadoji da duwatsun da ya gani.