Ƙura a jikin na'urar sanyaya kwamfuresa: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa ƙura da ƙarfin iska?

Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kuma dole zafin ya samu mafita. A ƙaramin kwamfuresa mai fistin, irin na masu faci, zara-zaran ƙarfen da ke jikin silinda ne ke fitar da shi. Babban inji mai sukuru kuwa, wato mai matse iska da murɗaɗɗun ƙarafa biyu a maimakon fistin, yana da lagireto biyu, na mai da na iska. Idan ƙura ta haɗu da maiƙo ta lulluɓe su, sai ta zama bargo: fanka na juyawa, zafi na nan.

Me ke fara lalacewa?

Mai. Injin sukuru yakan yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 na Selsiyus, kuma da yawa sukan kashe kansu wajen 110 zuwa 120. Kafin a kai nan ma an yi asara, domin ƙa'idar makanikai ita ce, idan aka haura zafin da injin ya saba aiki a kai, kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanakin mai biyu. Man ya tsinke, ya ƙone, ya bar dauɗa. A injin fistin wannan dauɗar kan bawul take taruwa, bawul ya daina rufewa sosai, tanki ya riƙa jinkirin cika, motar lantarkin injin na ta jan wuta.

Ruwan da ke fitowa daga tiyo fa?

Shi ma daga nan yake. Iska mai zafi tana riƙe danshi, kusan ninki biyu a kowane ƙarin digiri 11. Idan ba ta huce a lagireto ba, sai ta je cikin bututu ta zubar da ruwan. Masu fentin mota su suka fi sanin wannan.

Yaya ake tsaftacewa?

A kashe inji, a cire wuta, a saki iskar tanki, a bari ya huce. A busa iska marar ƙarfi, kamar "bar" 2 a ma'aunin matsin iska, ta inda iskar fanka ke fita, don ƙurar ta koma ta inda ta shigo. Idan da maiƙo, a sa ruwan sabulu da burushi mai laushi. Ban da fetur, ban da kostik soda, domin sodar tana cin alminiyam ɗin lagireto.

Sau nawa?

A duba kowane mako. Da hunturu, ko kusa da injin niƙa, mako ma ya yi nisa.