Waiwaye: Me Ya Sa Likitoci Ke Ɗari-ɗari da Na'urar Barci Mai Daidaita Kanta?

Yawanci uwargida ce take fara lura. Maigida na minshari kamar zai tsaga ɗaki, sai ta ji tsit. Ƙirji na motsi amma iska ba ta wucewa, har a ƙirga ashirin ko talatin, sannan ya zabura da shaƙa ya koma minsharinsa. Gari ya waye da ciwon kai da bushewar baki, bayan azahar kuma sai gyangyaɗi, ko da mutum yana riƙe da sitiyari a hanyar Tanut. Abin da ke faruwa shi ne tushen harshe da ganɗa mai laushi suna saki cikin barci, su toshe maƙogwaro. Likitoci na ƙirga duk tsayawar numfashi ko raguwarsa da ta kai daƙiƙa 10: daga 5 zuwa 15 a awa guda ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon, ya kuma ji labarin akwai na'urar hura iska lokacin barci da ke daidaita ƙarfin iskar da kanta, yakan yi mamaki idan likita ya ja da baya. Wannan jan ƙafar yana da asali.

A 1965 ne likitoci a Faransa da Jamus suka fara nuna wannan ɗaukewar numfashi ta hanyar auna masu barci. Shekaru da dama bayan nan, maganin da ke aiki sosai shi ne a huda maƙogwaro a sa bututu. Sai a 1980 Colin Sullivan, wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, ya gwada hura iska ta hanci domin ta tokare hanyar numfashi kada ta rufe, kuma a 1981 ya wallafa sakamakon mutum biyar a mujallar Lancet. Nan na'urar da ake kira CPAP ta samo asali, wadda likitocinmu ke rubutawa PPC a takardunsu na Faransanci. Ƙarfin iskarta ɗaya ne tun daga kwanciya har asuba.

To, wane ƙarfi ya dace da wane mutum? Amsar wancan zamani ita ce majiyyaci ya kwana a ɗakin gwaji, wayoyi a kai da ƙirji, ma'aikaci na zaune yana kallon allo. Ana auna ƙarfin da santimita na ruwa. A fara daga 4, a riƙa ƙara 1 bayan aƙalla minti biyar, har tsayawar numfashi da minshari su ɓace, har a lokacin da mutum ya kwanta rigingine yana mafarki, domin a nan toshewa ta fi muni. Lambar da aka samu ita ake rubuta masa. Likitocin barci da wannan tsari suka tashi, suna ganin komai da idonsu.

Da na'ura mai daidaita kanta, wato APAP, ta bayyana a farkon shekarun 1990, ta zo da lahani na gaske. Wasu samfurori na farko girgizar minshari suke saurare, don haka wanda ba ya minshari ko wanda aka yi wa aiki a ganɗa sai su bar shi a shaƙe. Idan takunkumin da ke kai iskar hanci ya yi yoyo, na'urar kan rikice ta yi ta ƙara iska, ƙarin iskar kuma ya ƙara yoyon, mai barci ya farka ciki cike da iska. Mafi hatsari shi ne akwai wata ɗaukewar numfashi da ba toshewa ke kawo ta ba, ƙwaƙwalwa ce ke daina aika umarni. Hura wa irin wannan mutum ƙarin iska ba ya amfani, yana ma iya ƙara dagula lamarin, kuma tsoffin na'urori ba sa bambance biyun. A 2002 masu bincike a Basalona suka haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban da injin da ke kwaikwayon numfashin majiyyaci, kowace ta amsa yadda ta ga dama. Likitan da ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya ce lambar da ya auna da kansa ya fi yarda da ita.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta yi taka-tsantsan a ƙa'idojinta na 2002. A 2008 ta sassauta, ta yarda a yi amfani da APAP a gida ga wanda ba shi da wani babban ciwo, amma ta ware masu gazawar zuciya, masu ciwon huhu mai tsanani, masu ƙibar da ke rage numfashi ko ido biyu, da masu ɗaukewar numfashi daga ƙwaƙwalwa. A 2019 ta ce ga babban mutum marar waɗannan cututtuka, farawa da APAP a gida ko kwana a ɗakin gwaji duk hanya ce karɓaɓɓiya. Sababbin na'urori suna aika ƴar girgizar iska su gane ko hanya a buɗe take ko a toshe. Sai dai kada a kambama: bincike ya nuna ƙarin lokacin da masu APAP ke yi da na'urar a dare bai kai rubu'in awa ba, kuma wasu gwaje-gwaje sun ga tsayayyar iska ta ɗan fi sauke hawan jini. Akwai kuma batun kuɗi da ba a cika faɗa ba. A Amurka inshora kuɗi ɗaya yake biya wa na'urorin biyu alhali APAP ta fi tsada a sari, kuma daren gwaji hanyar samu ce ga ɗakunan gwajin barci.

A Damagaram lissafin ya sha bamban. Ɗakin gwajin barci abu ne mai wuyar samu a yankinmu, kuma ba kowa ke iya tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai ko tsallakawa Kano ya kwana a asibiti ba. A ganinmu, ga wanda aka gwada aka tabbatar toshewa ce zalla, hana shi APAP da sunan jiran daren gwajin da ba zai samu ba cutarwa ce. Amma tsoron likita a nan ma yana da tushe, domin na'urori da yawa ƴan uwa ne ke aiko su daga waje, wasu na hannu, ba tare da an duba zuciya ko huhun mai ita ba. Duk wanda aka kawo wa ta Philips ya duba lambarta: a watan Yunin 2021 kamfanin ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke ruguɗewa ya bi iska, kuma zafi da laima suna gaggauta hakan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin na'urar yadda ta fito daga kamfani, 4 zuwa 20. A kan 4 babban mutum kan ji kamar ana shaƙe shi, kuma na'urar sai ta ga alamar toshewa take hawa, kafin ta kai inda ake buƙata an riga an sha wahala. Abin da ya dace shi ne a yi mako ɗaya zuwa biyu da ita, a kai wa likita katin da ke cikinta, ya duba awannin amfani (aƙalla 4 a dare), yawan yoyo, ragowar tsayawar numfashi (a nemi ƙasa da 5 a awa), da ƙarfin da ya wadatar a kashi 90 ko 95 cikin 100 na dare. Idan wannan lamba 11 ce, sai ya matse tazarar kusa da ita, misali 8 zuwa 13, ko ya tsayar da na'urar a kan 11, tunda kowace APAP tana iya aiki a matsayin CPAP. Idan katin ya nuna ɗaukewar numfashi daga ƙwaƙwalwa na ƙaruwa, a dakata a sake bincike.

Sauran aikin na gida ne. Lokacin hunturu matacin iska fari kan koma ruwan ƙasa cikin ƴan kwanaki, a riƙa duba shi duk mako. Na'urori da yawa an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 35 ba, don haka a watan Afrilu da Mayu kada a ajiye ta a ɗakin kwano da ya wuni rufe. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin gishiri a tankin ruwan da ke sa wa iskar laima, ruwan da aka tace ta turiri ya fi. Kuma tunda wutar Nigelec na iya ɗaukewa tsakar dare, mai batir ya kashe abin ɗumama ruwan, domin shi ne ya fi cin wuta. Da haka cajin kan kai shi asuba.