Waiwaye: Yadda Feɗe Kwaɗo Ya Koma Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a makarantar da ke da kayan aiki ba zai manta da ranar feɗe dabba ba. A kwantar da kwaɗo rigingine a faranti, a kafe ƙafafunsa da fil, malam ya tsaga fatar ciki da almakashi, ɗalibai a yi ta turereniya ana leƙen hanta da huhu. Warin fomalin kuwa, wato sinadarin da ke hana gawar dabba ruɓewa, har gida yake raka mutum.

A Amurka aka fi tayar da jijiyar wuya a kan wannan darasi. A 1987 wata ɗaliba a jihar Kalifoniya, Jenifer Graham, ta ce ba za ta feɗe kwaɗo ba. Aka rage mata maki, magana ta kai kotu, a 1988 jihar ta yi dokar da ta ba ɗalibi damar neman wani aikin a madadinsa. Dama tun 1984 akwai manhajar Operation Frog, wadda yaro zai ciro kayan cikin kwaɗo a allon kwamfuta, ya kuma mayar da su. A 1994 cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ta ɗora nata kwaɗon a intanet. Indiya ma ta hana feɗe dabbobi a darussan ilimin halittu na jami'o'inta a 2014.

Mu a Kebbi zancen ya sha bamban. Kwaɗo ba ya mana wuya, da damina fadamar Argungu cike take da kukansa. Yaron masunta ya san tumbin kifi tun kafin ya shiga firamare. Abin da muka rasa shi ne ɗakin gwaji da kayansa, shi ya sa a makarantu da dama malami sai dai ya zana hanji da alli a ce an yi darasi. Ga kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda wani mai magani ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a magani, ya hana shi kashe shi. Ɗalibin da ya ji nauyin abin a zuciyarsa yana da hujja, bai kamata a yi masa dariya ba.

Rufe makarantu saboda korona a 2020, da wanda ya biyo bayan sace ɗaliban Birnin Yauri a Yunin 2021, sun nuna mana amfanin darasin da yaro zai iya maimaitawa a gida. Ni dai ina goyon bayan manhajar feɗe kwaɗo, amma irin wadda za a sauke sau ɗaya a waya ta yi aiki ba data, domin ba kowane ƙauye ke da sabis ko wutar caji ba.

Sai dai allo ba ya koya wa yatsa taushin hanta. Mai shirin karatun likitan dabbobi dole wata rana ya riƙe almakashi da hannunsa, gara ya isa wurin ya riga ya feɗe kwaɗon waya sau ashirin.