Ma'anar Kalma: Yaƙin Farashi a Kasuwar Kwamfuta

Yaƙin farashi shi ne 'yan kasuwa masu kaya iri ɗaya su yi ta karya farashi, wannan ya rage, wancan ya rage fiye da shi, har riba ta ƙare. Ya bambanta da rangwamen Sallah, wanda ake sa wa ranar farawa da ranar gamawa. Shi wannan ba wanda ya san ranar tsayawarsa, kuma yawanci sai wani ya bar kasuwar ake samun lafiya.

Duk mai shago a Tip Toe Lane, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, ya kamata ya iya lissafinsa. A ɗauka ka saro kwamfutar cinya a sidi 3,000, kana sayarwa 3,600. Ribarka 600 ke nan. Maƙwabcinka ya rage kashi 10 cikin 100, kai ma ka bi shi, ka koma 3,240. Ga mai saye ragin bai taka kara ya karya ba, amma ribarka ta faɗo 240. Kafin ka sami abin da guda 10 ke ba ka a da, sai ka sayar da 25. Haya da kuɗin wuta kuwa suna nan yadda suke, kuma da dala aka shigo da kayan.

Babban misalin da masana ke komawa gare shi ya faru ne a Amurka. Kamfanin Texas Instruments ya fito da kwamfutar TI-99/4A a 1981 kan dala 525, Commodore kuma yana sayar da VIC-20 kan kusan dala 300. A 1982 Texas Instruments ya fara mayar wa mai saye dala 100. Jack Tramiel, shugaban Commodore, ya shiga rage nasa. A shekarar ne ya fito da Commodore 64 kan dala 595, kafin 1983 ta ƙare ana samunta a wajen dala 200. Har ya yi tayin dala 100 ga duk mai sayen Commodore 64 da ya aiko da tsohuwar kwamfuta ko na'urar wasa, sai wasu masu wayo suka riƙa sayen kwamfutar Timex Sinclair 1000 mai arha don kawai su aika a ba su kuɗin.

Me ya sa Commodore ya jure? Tun 1976 ya sayi MOS Technology, masana'antar da ke ƙera ƙananan sassan da ke zama ƙwaƙwalwar na'urar, saboda haka kuɗin da yake kashewa kan kowace kwamfuta bai kai na abokin gasarsa ba. Ita TI-99/4A tsadar ƙira gare ta. Da farashinta ya sauko dala 99, kowace aka sayar hasara ce. Texas Instruments ya sa ran zai fanshe ta hanyar sayar da manhaja da kayan haɗi, amma ya takura wa masu rubuta manhaja na waje, manhajar ta yi ƙaranci. A Oktoban 1983 ya sanar da ficewa daga kasuwar, aka karkaɗe ragowar kan dala 49 ko kusa da haka. Mai zurfin aljihu ma yana faɗuwa idan kuɗin ƙirarsa ya fi na abokin karawarsa.

Akwai ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Da masu saye sun ga farashi na sauka, sai su dakata su jira ragi na gaba, ciniki ya tsaya cak. Dillalin da ya cika shago da tsohon farashi kuma shi ke kwana ciki.

A Accra ko Adum ta Kumasi, inda akasarin kayan an riga an yi amfani da su a Turai ko Amurka, mai shago ba shi da masana'antar da zai rage kuɗin ƙira. To daga ina ragin zai fito? Sau da yawa daga cikin na'urar: RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi da na'urar ke aiki da ita) mai gigabayit 8 ta koma 4, a sa tsohon faifan ajiya mai juyi a gurbin SSD (ma'ajiyar zamani mai sauri), a haɗa da cajar da ba ta asali ba, garanti kuma ya gajarce. Kafin ka biya, a kunna ta a gabanka ka duba girman RAM da irin ma'ajiyar a cikin saituna, sannan a zare caja ka ga yadda batirin ke sauka cikin minti 15.