Idan inji ya ci hannu: tambayoyi kan tiyatar gyaran hannu

Da gaske ana iya mayar da yatsan da ya guntule?

Ana iyawa, kuma ba yau aka fara ba. A 1962 likitoci a Boston ta Amurka suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa da ya guntule, a 1965 kuma aka mayar da babban yatsa a Japan. Sai an fara kafe ƙashi da siririyar waya, a ɗinke jijiyoyin motsi, sannan a zauna gaban madubi mai ƙara girma a haɗa hanyoyin jini da zaren da ya fi gashin kai siranta. Amma yankan wuƙa mai kaifi daban, abin da injin markaɗe ya tauna daban. Wanda ya dagargaje sau da yawa ba ya karɓar ɗinki. An fi dagewa kan babban yatsa, domin in babu shi ko cokali ba ya riƙuwa da kyau.

To yaya za a yi da guntun kafin a kai asibiti?

A nan ake yawan yin ɓarna. A danne ciwon da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Guntun kuma a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a tsoma ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada a jiƙa shi cikin ruwa. Yatsan da aka sanyaya haka yana iya kai awa 24, amma hannu mai tsoka da ba a sanyaya ba, bayan awa 6 an fara rasa shi.

Idan fata ce ta saluɓe fa?

In akwai nama mai jini a ƙasa, sai a yanko fata marar kauri, galibi daga cinya, a shimfiɗa. Amma wannan fatar ba ta kamawa a kan tsurar ƙashi ko jijiya. Nan sai a kawo fata tare da hanyar jininta. Wata tsohuwar dabara ita ce a ɗinke hannun a gefen mara na kusan mako 3, har fatar wurin ta kama, sannan a raba su. Akwai takura, gaskiya, amma tana ceton hannu inda babu kayan ɗinkin ƙananan hanyoyin jini.

Karayar hannu ba ɗori kawai take so ba?

Ƙasusuwa 27 ne daga wuyan hannu zuwa yatsu, kuma kowace karaya da halinta. Wata filasta ta ishe ta, wata sai waya ko ƙarfe. Akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da kan tsage idan an faɗi an dafa ƙasa. Hoton farko na iya ƙin nuna shi, a ɗauka targaɗe ne. Abin tsoro a ɗori kuwa shi ne ɗaurin kara da ya matse: hannu ya kumbura, jini ya tsaya. Yatsu suka yi sanyi, suka canja launi, ko zafi ya ƙi lafawa, a kwance ɗaurin a nufi asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, a ranar.

Bayan tiyata shi ke nan?

Da sauran aiki. Yatsun da suka daɗe a ɗaure sandarewa suke yi, don haka gashin ƙashi dole ne. Jijiyar ji kuma kusan milimita 1 take tsirowa a rana, shi ya sa ake ɗaukar watanni kafin kan yatsa ya fara jin taɓawa. Mai shan sigari ya ajiye ta, domin tana tsuke hanyoyin jinin da aka ɗinke.