An cire kuɗin fansho a albashi amma bai shiga asusu ba: wa doka ta kama?

Wata magana tana yawo a tsakanin ma'aikatan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu, wai idan manhajar albashi ta cire kuɗin fansho amma bai bayyana a asusun mutum ba, shi ke nan ya bi ruwa. Wasu ma sun ƙara mata gishiri, suna cewa tarar jinkiri daga albashin ma'aikaci ake cire ta. Duka biyun ba haka suke ba, kuma tsoron da suke jefawa a zukata shi ne ke sa mutane yin shiru a kan haƙƙinsu.

Dokar da ke aiki a Najeriya ita ce Dokar Gyaran Fansho ta 2014. Ta shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da na Abuja, da na jihohin da suka rungumi tsarin, da kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye, ban da sojoji da jami'an leƙen asiri. Ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikin kuma ya ɗora aƙalla kashi 10.

Kashi 8 ɗin na mene ne? A nan manhajoji da dama ke yin tuntuɓe, ko in ce masu saita su. Doka ta ce jimillar da za a yi lissafi a kanta ba za ta gaza ainihin albashi haɗe da alawus na gida da na sufuri ba. Idan wanda ya saita manhajar ya ɗora lissafin a kan ainihin albashi kaɗai, kowane wata za ta riƙa fitar da adadin da bai cika ba, kuma ba za ta nuna wata alamar kuskure ba, domin abin da aka umarce ta ta yi. Ɗauki takardar albashinka ka gwada. Idan waɗannan ukun sun tashi naira 150,000, ya kamata ka ga an cire 12,000, mai aikin ya ƙara 15,000, asusunka ya karɓi 27,000.

Sashe na 11 shi ne zuciyar maganar. Ya ce mai aiki ya tura kuɗin ga kamfanin da ke ajiyar kuɗin fansho cikin kwanakin aiki 7 daga ranar da ya biya albashi. A lura, agogon yana fara gudu ne daga ranar biyan albashi, ba daga ranar da akanta ya samu sarari ba. Wanda ya wuce wa'adin zai biya kuɗin da ya riƙe, sannan ya biya tara wadda ba za ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya maƙale ba, a kowane wata ko wani ɓangare na wata. Ma'ana, jinkirin kwana biyu ma ana lissafa shi a matsayin wata.

Tarar nan a wuyan mai aiki take. Kuma ba baitulmalin gwamnati take tafiya ba: doka ta ɗauke ta a matsayin bashin da asusun ma'aikacin ke bin mai aikin, can za a zuba ta. A misalinmu na 27,000, tarar wata ɗaya naira 540 ce, idan aka riƙe kuɗin wata shida kuma ta zama 3,240. Ko'ina ka duba a sashen ba za ka ga inda aka ce a yafe wa wanda kwamfutarsa ta lalace ko intanet ɗinsa ya yanke ba. "Sistem ne ya samu matsala" bayani ne da za a iya yi wa ma'aikata, amma ba ya ɗauke alhaki.

Gaskiya tarar ta yi sauƙi. Kashi 2 a wata kashi 24 ne a shekara, alhali a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5. Kamfanin da ba ya tsoron Allah zai ga riƙe kuɗin ma'aikatansa ya fi masa araha a kan cin bashin banki. Doka ta ce "aƙalla", ta bar wa PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, damar ɗagawa, kuma ina ganin lokacin yin hakan ya yi.

Sai dai ba kullum ne rashin ganin alat ke nufin an danne kuɗi ba. Tare da kuɗin akwai jadawali da ake turawa, mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, da lambarsa ta fansho wadda ke farawa da PEN, da kamfanin fanshonsa, da watan da ake biya. Lamba ɗaya ta kuskure, ko jimillar jadawalin ta saɓa da kuɗin da aka tura, sai kuɗin ya tsaya a hannun masu ajiya kamar wasiƙar da ba adireshi. Yana nan bai ɓace ba, ana gyara jadawalin zai shiga. Hakan kuma yana iya faruwa ta wata hanya tun Nuwamban 2020 da aka ba ma'aikata damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara: mutum ya koma wani kamfani, manhajar ofis kuma tana riƙe da tsohon.

Akwai kuma uzurin "ai bai kawo lambarsa ba". Doka ta toshe wannan ƙofar. Idan sabon ma'aikaci ya yi wata shida bai buɗe asusu ba, mai aikin ne zai nemi wani kamfanin fansho ya buɗe masa na wucin gadi a riƙa zubawa.

Wanda ya ga giɓi, ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa, ya jera shi da takardun albashi wata bayan wata. Ya kai wa sashen albashi, ya nemi a nuna masa shaidar biya da jadawalin watannin da suka ɓace. Idan akwai shaidar, gyaran lamba ne ya rage. Idan babu, ya rubuta ƙorafi zuwa PenCom, wadda tun 2012 take da wakilai na musamman da ke bin kamfanoni suna karɓo ainihin kuɗin tare da tararsa.