Dokar hatimin gwal a Birtaniya: me lambar 750 take nufi?

Duk mai sarƙar gwal ko zobe, ta juya cikinsa ta duba da kyau. Sau da yawa za ta ga 'yar lamba, 750 ko 916. A Birtaniya ba maƙeri ke da ikon buga irin wannan shaida ba. Dokar hatimi ta 1973, wadda ta fara aiki a 1975, ta ce laifi ne ɗan kasuwa ya kira abu gwal ya sayar in ba shi da hatimin ofishin gwaji, sai dai 'yan kayan da dokar ta keɓe, kamar wanda nauyinsa bai kai giram 1 ba. Ofisoshin huɗu ne: Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh, kowanne da tambarinsa. Na Landan kan damisa ne.

Me ya kawo wannan tsanani? Ido ba ya iya gane gauraye. Gwal tsantsa laushi gare shi, don haka ake narka shi da azurfa da jan ƙarfe. In ya daskare, ba kamar tsakuwa a shinkafa ba ne da za a zauna a tsince. Ƙwayoyin zarra na gwal a jere suke sahu-sahu, sai ƙwayar azurfa ta shiga ta tsaya a gurbin ta gwal. Girmansu kusan ɗaya ne, shi ya sa suke haɗuwa ko nawa aka zuba. William Hume-Rothery na Jami'ar Oxford ya nuna a shekarun 1930 cewa in bambancin girman ƙwayoyin ya wuce kashi 15 cikin ɗari, ƙarafa biyu ba sa cakuɗuwa sosai. Ƙwayar jan ƙarfe ta fi ta gwal ƙanƙanta, amma ba ta tsallake wannan iyaka ba. Tana shiga sahun ta ɗan karkata shi, kuma wannan karkatar ce ke ba awarwaro ƙwarin da ba zai lanƙwashe a hannu ba.

Lambar kuwa lissafi ce cikin dubu. 750 na nufin gwal kashi 750, wato karat 18. 916 karat 22 ne, 375 kuma karat 9. Dokar ba ta yafe ko ɗigo: in gwaji ya nuna 749, ba za a buga 750 ba.

Ga inda abin zai ɗaure wa matanmu kai. Karat 21 da aka fi sayowa daga Saudiyya da Dubai 875 ne, kuma babu wannan lamba a jerin matakan Birtaniya. In aka kai shi ofishin gwaji a can, matakin ƙasa da shi za a buga masa, wato 750. A ganina wannan ya ɗan tauye mai kaya, don a kan hatimi zai fito kamar karat 18, alhali gwal ɗin da ke ciki ya fi haka.